Motar da za a mayar asibitin tafi-da-gidanka: wacce za ka saya?

A 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masaniyar kimiyya Marie Curie ta sa aka ɗora na'urar ɗaukar hoton ƙashi a cikin motoci a Faransa, kuma injin motar ne ke juya janareton da ke ba na'urar wuta. Kusan motoci 20 aka haɗa haka. Abubuwan da ke ci wa masu aikin asibiti a cikin mota tuwo a ƙwarya har yau su ne wuta da fili da hanya, kuma hanya ce ya kamata ta zaɓa maka mota, ba kyan fenti ba.

In kan kwalta za ka yi aiki, Toyota HiAce, wadda ake ƙerawa tun 1967, ta wadatar. Kayan gyaranta ba wuya, bakanike kuma ba ya mata kallon baƙuwa. Amma nemi mai dogon rufi, in ba haka ba ma'aikacin jinya a sunkuye zai yini. Mercedes Sprinter, da ta fito a 1995, ta fi ta fili nesa ba kusa ba, mutum na miƙewa tsaye a ciki. Sai dai sababbinta kwamfuta ce ke sarrafa kusan komai, injinsu na dizal kuma ba ya haƙuri da gurɓataccen mai.

Inda kwalta ta ƙare, Toyota Land Cruiser 78 ce, daga dangin ƙirar mai lamba 70 da aka fara a 1984. Ƙafa huɗu ke ja, yashi da laka ba sa tsayar da ita, shi ya sa ƙungiyoyin agaji suka riƙe ta. Cikinta da ƙunci, bayanta kuma na jijjiga majinyaci sosai. Duk da haka ita zan zaɓa wa ƙauyuka.

Unimog fa, babbar motar Mercedes mai shiga daji? An fara nuna ta a Jamus a 1948 don aikin gona, tana da sandar da ke ɗaukar ƙarfin inji ta juya wasu na'urori. Ƙarfi kam akwai, amma ga tsada, ga shan mai, ga tsayin da ke wahalar da masu ɗora gadon majinyaci.

Kowacce ka zaɓa, sa mata batir na biyu don firjin allurai, kada ya shanye na tayar da inji. Sannan ka duba iyakar nauyin da kamfani ya rubuta mata, ka lissafa gado da tukwanen oksijin da mutane kafin ka biya.