Tatsuniyoyin Turawa masu ban tsoro: wanne za ka saya wa matashi?

Idan 'yarka mai shekara 14 ta ce a sayo mata littafin Sindarela sabon zubi, kada ka ɗauka labarin gimbiya ne irin na katun. Marubutan yanzu suna mayar da waɗannan tatsuniyoyi ga asalinsu, asalin kuwa ba sauƙi. A littafin 'yan'uwan Grimm na Jamus, wanda ya fara fitowa a 1812, 'ya'yan matar uban Sindarela, guda ta yanke babban yatsan ƙafarta, guda ta datse diddige, don takalmi ya shiga. Mu da muka tashi da Dodo da 'yar bora, wannan ba baƙon abu ba ne. Abubakar Imam ma ya tsakuro daga irin waɗannan labarai a Magana Jari Ce tun 1937.

Tsoron ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne me aka haɗa shi da shi, kuma bangon littafi ba zai gaya maka ba.

Ga ɗan shekara 12 zuwa 14, Cinder na Marissa Meyer, na 2012, ya fi kwanciyar hankali. Yarinyar bakanikiya ce mai ƙafar ƙarfe, ga annoba ta addabi gari, soyayyar ciki kuma da kunya. Turancinsa ɗan JS3 zai bi. Sai dai labarin bai ƙare a nan ba, littattafai 4 ne, ka shirya aljihu.

Wanda ya kai 15 kuma yake son abin da zai sa gashin jikinsa ya tashi, House of Salt and Sorrows na Erin A. Craig, na 2019, ya fi dacewa: 'yan mata 12 'yan gida ɗaya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai fatalwa da gawa, akwai gumakan da marubuciyar ta ƙirƙiro, wanda wasu iyaye ba za su so ba, gara ka sani tun yanzu. Amma ana karanta shi a gamsu ko ba a sayi na gaba ba.

Wanda zan ce a dakata shi ne A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas, na 2015. Shi ne yara suka fi gani a TikTok, amma daga littafi na biyu akwai zancen shimfiɗa ƙarara. Na manya ne.

Sai batun kwafi. Na gwanjo, in ka dace a teburan da ke kewayen Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da ke Kaduna, ya fi arha, takardarsa kuma ta asali ce, amma samun wanda kake nema sai sa'a. Na jabu kuwa sabo fil yake a leda. Ka ce, "Malam, buɗe mini in gani." Ɗaga shafi ɗaya sama: in rubutun baya yana ratsowa, tawada ta dusashe, gam na ɓantarewa a gindi, ajiye. Ka duba shafukan ƙarshe ma, nan ne jabu ya fi cin babi. In ta intanet za ka yi oda daga Legas, nemi hoton cikin littafin kafin ka tura kuɗi.