Burekar DC mai ƙafa biyu, 25A/600V: ta dace da layin fanel, amma ba ta batir ba ce

Wannan bureka, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta wuce kima, tana yin aikinta a tsakanin fanel ɗin sola da inbata, muddin an yi lissafi kafin a ɗaura ta. Duba Isc, wato amfiya (A) mafi yawa da fanel ke iya bayarwa, wanda ke rubuce a bayan fanel, ka ninka da 1.56. Idan Isc ya kai 14A, sakamakon 21.8A ne, don haka 25A ta yi daidai. In aka sa 16A, tana iya riƙa faɗuwa da tsakar rana. Layi biyu na irin wannan fanel a haɗe a kan bureka ɗaya kuwa sun fi ƙarfinta, domin amfiyarsu za ta ninku.

Fanel 10 masu Voc 50V (Voc shi ne ƙarfin volt na fanel lokacin da ba a jan wuta daga gare shi) a jere suna ba da 500V, sanyin safiya kuma yana ƙara shi, shi ya sa 600V ɗin take da amfani.

Babban aibinta alamar + da − ce, ƙanana ne ƙwarai. Akwai maganaɗisu a ciki da ke kashe tartsatsi; idan aka juya wayoyi, tartsatsin ba zai mutu ba, sai ta ƙone lokacin kashewa. Bakinta yana karɓar waya 6mm² da kyau, amma a sake ɗaure sukurori bayan mako guda.

Kada a sa ta a batir: inbata 5kW a 48V tana jan fiye da 100A.