Jak ko tudun roba: wanne ya fi wajen canza tayar tirelar ɗaki?

Ɗan'uwanmu da ke Amurka ya sayi irin tirelar nan mai ɗakin kwana da kicin da ake ja da a-kori-kura, mai aksil biyu, wato taya bibbiyu a kowane gefe. Yana tambaya: idan taya ta yi faci a hanya, da me zai ɗaga ta? Da jak mai siffar kwalba, ko da tudun robar nan da ake hawa da taya? Ko kuwa ƙafafun ƙarfe huɗu da ke kusurwoyin tirelar sun wadatar?

Malam, mu fara sallamar ƙafafun nan. Aikinsu hana ɗaki rawa in an yi fakin ana zirga-zirga a ciki. Ba a yi su don ɗaukar nauyi ba. Ka matsa musu, ko su lanƙwashe ko su murɗa shasin, ka wayi gari ƙofar ɗakin ba ta rufuwa daidai. Cire su daga lissafi.

Tudun roba dabara ce mai sauƙi. Ka ajiye shi a gaban lafiyayyar tayar da ke gefe ɗaya da mai facin, ko a bayanta, ka ja tirelar a hankali har lafiyayyar ta hau ta zauna a cikin kwarin da ke samansa. Da ta hau, 'yar'uwarta sai ta saki ƙasa. Wanda ya fi shahara, Trailer-Aid, yana ɗagawa inci 4.5, babbansa kuma inci 5.5. Abin da ya sa nake son sa shi ne nauyin yana kan taya, tayar kuma tana kan faffaɗan abu. Babu siririn ƙarfen da zai zame, ba ka kwanta a gefen kwalta kana leƙen ƙarƙashi ba alhali manyan motoci na wucewa suna girgiza ɗakin da iskarsu. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanya ya san wannan girgizar ba wasa ba ce.

Amma yana da iyaka. Tirela mai aksil ɗaya ba ruwanta da shi. Idan tayoyin gefe ɗaya duka biyu suka tafi, abin da kan faru in wadda ta fashe ta bar wa ɗayar nauyi, nan ma bai da amfani. Sannan akwai maganar sifirin. Yawancin tireloli masu sifirin na faranti suna da wani ƙarfe a tsakanin aksil biyun da ke raba musu nauyi kamar ma'auni: wannan ta yi sama, waccan ta yi ƙasa. To kana hawa tudun, mai facin sai ta biyo ƙasa. Za ka iya cire ta tunda ta lotse, amma ka zo saka safaya mai cikakkiyar iska ka tarar ba ta shiga. Maganinsa faffaɗan katako a ƙarƙashin tudun don ƙara tsawo. Masu aksil na roba, irin Torflex na kamfanin Dexter, ba su cika wannan matsalar ba, don kowace taya gashin kanta take ci.

Jak kuwa ba ya zaɓen tirela, aksil ɗaya ko biyu, taya ɗaya ko duka. Wahalarsa tana wajen inda za ka sa shi. Ido zai kai ka kan bututun aksil saboda shi ne kusa da taya, kuma ɗagawa kaɗan ta isa. Kada ka yi. Bututu ne mai rami a ciki, kan jak ɗan ƙarami ne, yana iya lotsa shi, daga nan taya ta riƙa cin gefe ɗaya har sai ka sauya aksil. Dexter, wanda aksil ɗinsa ke ƙarƙashin tireloli da yawa a Amurka, ya hana ɗagawa ta aksil ko sifirin, ya ce a kama shasi. Shasin kuma yana sama, kuma kana ɗagawa sifirin na sakin taya ƙasa, sai jak ya ƙure bai gama aiki ba. Don haka sai da katakai masu kauri a ƙarƙashinsa, a shimfiɗe, ba bulo ba, bulo yana fashewa ba sallama. Nemi mai tan 6 ko sama, ka haɗa da ƙarfen tokara da za ka sa kusa da shi, domin jak mai amfani da mai yana iya sauka da kansa. Ko da tokara, kada ka tura jikinka ƙarƙashi.

Ra'ayina: a bakin hanya tudun ya fi aminci da sauri ga irin taka. In kuwa ɗaya kaɗai za ka saya, jak za ka saya, don shi ne ba ya cewa yau ba zan iya ba.

Ko wanne ka ɗauka, bar tirelar a haɗe da mota, ja hanburki, sa waigi gaba da baya a tayoyin ɗaya gefen, a wuri mai tauri da ya daidaita. Sassauta notuna tun taya tana ƙasa. Wajen ɗaurewa ka bi su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, ka ƙarasa da sifana mai awo bayan ka sauke. Adadin ƙarfin ɗaurin yana cikin littafin tirelarka. Ka sake gwada su bayan mil 10, da 25, da 50, saboda suna sassautowa.

Kafin tafiyar farko, gwada duka biyun a ƙofar gida da safayar kanta. A nan za ka ga ko tudun yana ɗagawa yadda ya kamata, ko sifanar motarka tana shiga notunan tirelar, don sau da yawa girmansu ba ɗaya ba ne. Duba iskar safayar, ka kuma karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar tirela takan tsufa ta tsattsage tun zanenta bai cinye ba.