Jerin Jami'o'in Duniya: Wanne Za a Duba Kafin a Zaɓa wa Yaro Jami'a a Saudiyya?

Duk shekara idan aka fitar da jerin jami'o'in duniya, iyaye a Makka da Madina da Jidda sai su yi ta tura wa juna a WhatsApp: wannan ta hau, waccan ta sauko. Sai dai jerin ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da mudun da yake awo da shi. Uku ne suka fi tashe.

Na Shanghai, wanda aka fara a 2003, bincike kawai yake dubawa. Kashi 30 cikin ɗari na makinsa yana fitowa ne daga kyautar Nobel da lambar Fields ta lissafi da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka ci, kashi 20 daga malaman da aka fi kafa hujja da bincikensu, wani kashi 20 daga maƙalun da suka fito a mujallun Nature da Science. Babu maki ko ɗaya na yadda ake koyarwa a aji.

Na kamfanin QS na Birtaniya kuwa ra'ayin mutane ya fi rinjaye a cikinsa: kashi 30 na malaman jami'o'i, 15 na masu ɗaukar ma'aikata. Shi ya sa tsohuwar jami'a mai suna take cin moriyar sunanta ko da sashen da yaronka zai shiga ya yi rauni. Yawan ɗalibai a kan kowane malami kashi 10 kacal aka ba shi. Na Times Higher Education ya ware wa koyarwa kusan kashi 30, amma kusan rabin wannan ma jin ra'ayi ne.

Ga inda abin ya fi shafar mu. Maƙalun da ake ƙirgawa daga rumbunan Scopus da Web of Science ake ɗauko su, mafi yawansu kuma da Turanci aka rubuta. Malamin Hadisi a Jami'ar Musulunci ta Madina, ko na Fiƙihu a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, da ya shekara yana tahƙiƙin littafi da Larabci, wato tantance tsohon rubutu don bugawa, da wuya aikinsa ya shiga lissafi. Saboda haka mai son Shari'a ko Larabci kada ya auna waɗannan jami'o'i da wannan mudu, zalunci ne. Mai neman injiniyanci shi ne jerin zai yi wa amfani, can zai ga Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran a sahun gaba. Ita kuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da ke Suwal, duk sunan da ta yi a bincike, ba ta ba da digirin farko.

Ana kuma yi wa ma'aunin dabara. Tun 2011 mujallar Science ta ruwaito yadda wasu jami'o'in Saudiyya suke biyan fitattun masu bincike na waje don su jingina sunansu da su, alhali ɗalibi ba zai gan su a aji ba.

To me za a duba? A nemi jerin fanni-fanni maimakon na jami'a dungurungum, QS da Shanghai duk suna fitar da shi. A tambaya ko kwas ɗin da kansa yana da tantancewar hukumar NCAAA mai tantance ingancin karatun jami'a a Saudiyya, na injiniya kuma ko yana da ta hukumar ABET ta Amurka. A tabbatar da harshen koyarwa. Mai iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) ya nemi gurbin minha, wato tallafin karatu, ta cikin gida, wadda sharuɗɗanta suka bambanta da na wanda zai zo daga Najeriya ko Nijar.

Idan kuma a Najeriya yaron zai yi aiki, a sani cewa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance takardarsa kafin hidimar ƙasa, likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya (MDCN), komai matsayin jami'arsa a jerin.