Yaya, kafin ka biya kuɗin jif ɗin lantarkin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya kasuwa, ya jikin Hajiya? Na ga hoton ƙaramar jif ɗin da ka turo, na kuma saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce dillali ya tabbatar maka tana yin kilomita 450 da caji ɗaya, kai kuma ka buga lissafi ka ga Abuja ke nan ba ka leƙa gidan mai ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 na san abin da mai yake yi wa aljihunku, don haka ban ga laifinka ba. Amma irin wannan motar nake hawa a nan Mancesta ta Ingila shekara ta uku ke nan, da ita nake zagayen duba marasa lafiya gida-gida, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta maka a tsanake.

Dillalin bai yi ƙarya ba, lambar tana cikin takarda. Sai dai a ɗakin gwaji ake samo ta, an daidaita yanayi a digiri 23, ba hita, ba iyakwandishan, ba buhun shinkafa a but. Tawa ma abin da aka rubuta mata ke nan. Da bazara, a cikin gari, takan kusanci 400. Amma ranar da na hau babbar hanya cikin hunturu ina gudun da doka ta yarda, mil 70 a awa, wato kilomita 112, ga hita a kunne, in ta ba ni 280 sai in gode Allah. Motar mai tana samun ɗumi kyauta daga zafin inji, ita kuwa wannan daga batirin da take tafiya da shi take ɗiba. Gudu kuma shi ne babban maƙiyinta. Akwai wata lamba a gaban sitiyari da take nuna sauran kilomitar da ta rage, Abban yara ya raɗa mata suna Boka, don abin da ta faɗa a ƙofar gida ba shi take faɗa ba bayan minti ashirin.

Bari in ba ka labarin daren da na san motar nan. Watan Janairu ne, mun je suna Landan, tafiyar kilomita 320 ko kusa da haka. A dawowa Boka ta ce saura 60, muka ratse wurin hutawar matafiya. Injin caji na farko allonsa a mace. Na biyu ya karɓi katina, ya yi ta juya wani ɗan zobe a allo, can ya ce in sake gwadawa. Na uku akwai mota a jiki, wasu biyu suna layi. Muka kashe hita don tattali, na cire mayafina na lulluɓe yara, gilashi ya yi gumi har ba ka ganin waje. Sai na tuna layin mai na Titin Zariya lokacin muna yara, na kama dariya ni kaɗai, Abban yara yana kallona kamar na zautu. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare muka samu jona ta. Batirin ya yi sanyi, maimakon ya sha da sauri sai ya riƙa kurɓa kamar mai shan koko da zafi.

Ko lafiya lau ma, cajin gaggawa yana da halinsa. Daga kashi 10 zuwa 80 yakan ci minti 40 zuwa awa ɗaya a irin waɗannan ƙananan, daga 80 zuwa sama kuma sai ya koma tafiyar hawainiya, don kare batirin. Saboda haka a doguwar tafiya kashi 70 ne naka, sauran na kallo ne. Yanzu ka ɗora wannan a kan hanyarku daga Kano: Zariya kusan kilomita 150, Kaduna kusan 230, Abuja sama da 400. A Kaduna wa zai ba ka wuta, kuma awa nawa za ka zauna?

To amma kada ka ɗauka kushe ta nake yi. Shekarar farko muna zaune a irin gidajen nan na jere, ƙofa tana buɗewa kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ba filin ajiye mota, ba ka da ikon shimfiɗa waya ta tsallake hanyar mutane. Kullum a waje nake caji, a wurin gaggawa yunit ɗaya yakan kai pens 80, har harajin ma kashi 20 ne a waje, a gida kashi 5. Na yi nadamar sayenta, ban ɓoye wa kowa ba. Da muka koma gida mai fili a gaba, aka kafa mana akwatin caji mai kilowat 7 a bango, muka shiga tsarin wutar dare da yunit bai kai pens 10 ba, sai ka ce an sauya min mota. In dawo aiki in jona ta kamar waya, in kwanta, da asuba ta cika. Ba canjin baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Motar dai ita ce, soket ne ya canza.

Shi ya sa tambayata a gare ka ba ta motar ba ce, ta gidanka ce. Yunit ɗin da nake faɗa shi ne dai wanda kake saya a mitarka. Batirin irin wannan jif yana ɗaukar yunit 60 da 'yan kai. Soket ɗinmu na nan mai baki uku iri ɗaya ne da na gida, kuma in da shi za ka cika ta daga ƙasa, sai ta wuce kwana guda cur a jone, wuta ba ta ƙifta ba. Batirin inbatar da ka sa bara, in ma yunit 10 ne, motar za ta shanye shi ba ta ji a maƙoshinta ba. Ga ta da tsirfa: in wuta ta zo ba ƙarfi, ko wayarin gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, sai ta ƙi karɓa. Ka kuma tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Mai motar lantarki a ranakun nan sai adaidaita sahu.

Inda take da riba shi ne ba kullum kake buƙatar cika ta ba. Daga Rijiyar Zaki zuwa Kwari, ka kai yara makaranta, ka biya ta wajen Hajiya, da wuya ka wuce kilomita 40 a yini, yunit 7 ke nan ko ƙasa. Cunkoson Kano ma gata ne a gare ta, a tsaye ba ta cin komai sai na sanyi, duk taka birki kuma tana mayar da ɗan wani abu cikin batiri. Kilomita 100 yunit 16 zuwa 18 ne. Ko a farashin 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta kuma suka fi biya, da aka kai naira 225 a Afrilun 2024, bai wuce naira 4,000 da kaɗan ba. Kai ka san kuɗin lita 8 na mai yau. Rana kuwa Allah ya hore muku, abin da mu nan muke ganinta sai ka ce baƙuwa. Matsalar ɗaya ce: lokacin da sola take zuba wuta a gida, motar tana kasuwa tare da kai. Sai dai ka ƙara faranti da batiri, ko ka bar ta a gida wasu ranakun, a riƙa kuma goge ƙurar hunturu daga farantan.

Sanyin da yake cutar tawa ba zai same ka ba, naka abokin gabar zafin Afrilu ne. Iyakwandishan ba ya ci kamar hita, amma zafi yana tsofar da batiri a hankali, musamman in an cika shi fal an bar shi a rana. Ka tambaya ko batirinta da ruwa ake sanyaya shi. Kamfanoni sukan ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batiri, amma kada ka sa rai zai biyo motar da aka shigo da ita ta hannun dillali. Sannan wa zai taɓa ta? Kanikawan Ƙofar Ruwa gwanaye ne, amma nan wuta ce mai ƙarfin bolt 400, ba wurin a-gwada-a-gani ba ne. Ka san ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya: an haɗa Hyundai Kona ta lantarki a Legas tun 2020, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, ta kafa wurin caji na sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. Sai dai Sakkwato ba bayan gida ba ce.

Batun in turo maka tawa in na gama da ita, ka bar shi. Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma hannun da muke yanzu, ba za a bari ta shigo ba.

Kada ka sayar da tsohuwar motarka tukuna, ita za ta riƙa kai ka Kaduna. Gobe in ka koma wajen dillalin, ka buɗe murfin da ake jona caji ka ɗauko min hotonsa da kyau, don bakin na China daban, na Amurka daban, na Turai daban, kada a haɗa ka da waya wadda ba ta shiga. Ka ce ya nuna maka lafiyar batirin a kwamfuta, ba adadin cajin da yake ciki ba. In ya fara kame-kame, ka ce ƙanwarka ce ta hana. Ka gaida Anti da yara, ka ce wa Hajiya zan kira ta ranar Juma'a in na sauko aiki.