Motar dako da ta kai mini Fijo 504 daga Kaduna zuwa Kano

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504, wadda kowa a gidanmu yake kira Fijo, harhaɗin Kaduna, daga masana'antar haɗa motocin Peugeot, wato PAN, da ke Kakuri wadda ta fara fitar da motoci a 1975. Shekara goma sha ɗaya tana fake a bayan gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, kafin na yi niyyar tayar da ita. Aikin bodi aka fara yi a wani gareji kusa da Panteka: an yanke ƙasan da tsatsa ta cinye, an yi walda, an yi ciko, an fesa fentin share fage. Sauran aikin kuwa, inji da wayarin da fenti na ƙarshe, a Kano nake so a yi shi, wajen tsohon bakaniken Baba, wanda ya san motar tun tana da leda a kujera, ga kuma kasuwar Ƙofar Ruwa kusa idan an nemi wani abu. Injin, mai lita biyu, tuni na aika shi a bayan a-kori-kura. Saura gangar jikin.

Abin da kowa ya fara ce mini shi ne in samu janwe, ko ma in samu wata mota ta ja ta da igiya, wai ai kilomita 230 ne ko kusa da haka. Wanda bai leƙa cikinta ba ne zai faɗi haka. Ba birki, an kwance bututan gaba ɗaya. Ba gilashin gaba, ba kujerar zama, sitiyarin ma noti biyu ne suka riƙe shi don a iya juya ta cikin gareji. Tayoyin kuma tun na zamanin Baba ne, duk sun tsattsage. Don haka na nemi irin motar dakon nan mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda bayan nata yake zamowa ƙasa a ja mota ta hau gaba ɗaya. Ogan garejin ne ya haɗa ni da masu ita. Kuɗinsu ya kusa ninka na janwe, kuma ciniki bai yi nisa ba: rabi kafin a tashi, rabi idan an sauke.

Laifinsu na farko lokaci ne. Mun yi da su ƙarfe bakwai na safe, ba su iso ba sai goma da rabi, kuma sau uku ina kira ana ce mini ga su nan a Kawo. Na ji haushi, don ina so mu shiga Kano kafin la'asar, a kuma watan Yuni muke, ba wanda yake yarda da sama.

Amma da direban ya sauko ya fara aiki, haushin ya ragu. Dattijo ne mai furfura a gemu, bai yi magana mai yawa ba. Ya zagaya motar sau biyu, ya danna gabanta da hannu, ta yi sama kamar kwale-kwale. Ya ce, “Alhaji, ba inji a ciki ko?” Na ce babu. Sai ya ce to nauyin yanzu yana baya, da baya za a ja ta ta hau, don nauyin ya zauna kusa da kan motarsa. Ban taɓa tunanin wannan ba. Yaron motarsa ya kawo ƙugiyar wayar ja zai maƙala a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin but, daidai inda aka yi sabuwar walda, dattijon ya daka masa tsawa, ya kwanta da kansa a ƙasa ya ɗaura bel a jikin ƙarfen ƙafar baya. Aka ja ta a hankali, wani yaron gareji yana tafiya a gefe riƙe da sitiyari ta taga, wani yana bin ta da weji. Da ta zauna, bai sa mata sarƙa ba. Kowace taya ya kama da bel mai tauri ya ɗaure ta da benen motarsa, wato shimfiɗar bayanta, ya bar jikin motar yana lilo a kan shokozobarsa. Ya ce sarƙa tana cin fenti, kuma idan aka ƙulle bodi tamau, duk ramin da aka faɗa sabuwar walda ce za ta sha shi. A wannan ɓangaren ba ni da abin cewa, ya san aikinsa.

Matsalar ta taso ne daga abin da ba mota ba. Duk wanda ya taɓa kwance tsohuwar mota ya san rabinta a kwalaye take zama. Ina da kwali bakwai da buhu biyu: fitilun gaba, lagireto, hannayen ƙofa, robobin gilas, sandunan azurfa na gefe, agogon gaban direba, da gwangwanin madara cike da notuna. Gilashin gaba da na baya kuma suna jingine a bango. Na ɗauka duk suna cikin ciniki. Direban ya ce shi mota aka ce ya ɗauka, kaya sai dai in zuba su a cikinta, kuma ba ruwansa da abin da ya fashe. Ba su zo da takardar lissafin kaya ba, rasiɗin ma a bayan wata takarda aka rubuta mini, lambar mota da kuɗi kawai. Nan muka tsaya ana cusa kwalaye a but da inda kujerun baya suke, cikin gaggawa, kowa yana miƙo abin da hannunsa ya kai. Gilasan na naɗe su da tsohuwar katifa na sa a motata, wannan kaɗai dabarar da na yi a ranar.

Tampol ma babu. Da na tambaya, sai ya ce ko akwai ba zai ba ni shawara ba, iska za ta riƙa kaɗa shi yana gogar fentin har Kano. Gaskiyarsa ce, amma da sun gaya mini tun a waya da na tanadi ledar da zan liƙe tagogin. Fentin share fage ba ya hana ruwa, shan sa yake yi, tsatsa ta taso daga ƙarƙashi bayan an gama kashe kuɗi.

Muka kama hanya ina biye da su. Tafiyarsa a natse take, ba gudu, ba wuce manyan motoci a kwana. A Mararrabar Jos ya tsaya ya sake ɗaure bel ɗin duka huɗu, ya ce sai an yi 'yar tafiya suke sakin jiki. Ya sake dubawa a Kwangila da muka tsaya sallar azahar. An tsayar da mu a shingen bincike sau biyu, kuma duka biyun takardun motar da ke sama aka tambaya. Na gode Allah na zo da tsofaffin takardun Baba da lambar shasi a rubuce, don lambar motar tana cikin ɗaya daga kwalayen, ban ma san wanne ba. Masu dakon ba su tuna mini da wannan ba, ƙanina ne ya tuna.

Abin dariya shi ne yadda mutane suke kallonta. A Tashar Yari wani tsoho mai sayar da rake ya taso ya dafa bayanta, ya ce da irinta ya yi shekaru yana lodin Zariya zuwa Kano, mai dogon baya, fasinja har jeri uku. Ko ba fitila ba bamba, ya gane ta daga yadda but ɗinta ya karye ya gangara.

Hadarin ya same mu bayan Kwanar Ɗangora. Direban bai jira na roƙe shi ba, ya shiga wani gidan mai ya fake a ƙarƙashin rumfa, muka zauna kusan minti arba'in. Duk da haka yayyafin farko ya riga ya shiga, kwali biyu sun jiƙe, ɗaya gindinsa ya ɓalle.

Bayan magariba muka isa, da fitilar waya aka sauke ta. Tsohon bakaniken ya zagaya ta yana shafa wuraren waldar, ya ce, “Ɗana, ba abin da ya motsa.” Washegari muka duba da rana, ba ƙwarzane ko ɗaya, ƙofofin suna rufuwa yadda suke rufuwa a Kaduna. Ya sa yara suka goge ta suka bar ta a rana kwana biyu kafin a taɓa ta.

Da muka zazzage kwalayen ne aka ga ɓarnar. Gilashin fitilar hagu ya tsage, lagireto ne ya kwanta a kansa. Sandar azurfa ɗaya ta lanƙwashe. Zakin gaban motar kuma, tambarin nan da Baba yake gogewa da hankici duk ranar Juma'a, babu shi. Na kira direban, ya sa yaronsa ya share benen motar, bai gani ba. Na kira Kaduna, sun ce sun tabbata sun miƙo shi. Ba zan ce wani ya ɗauka ba, don ni kaina ban ƙirga abin da aka loda ba, ban ɗauki hoton ko kwali ɗaya ba.

Idan za a sake, su zan kira su ɗauki bodin, amma in ce musu ƙarfe biyar na asuba don su zo da bakwai, kwalayen kuma a motata za su tafi, kowanne da rubutun abin da ke ciki. Fitilar na samu ta hannu a Ƙofar Ruwa, an miƙe sandar da guduma ta katako. Zakin ne har yanzu nake cigiya, wani mai shago ya nuna mini na 505, ya rantse duk ɗaya ne, na ce ya ajiye abinsa.