Kayan Ban Ruwa na Ɗigo a Gonar Kuɓewa: Abin da Na Gani a Rani Guda

Na sayi waɗannan kayan ne saboda na gaji da ganin ruwa yana malala tsakanin kunyoyi yana raya ciyawa, alhali kuɓewar da aka kawo shi dominta tana yaushi da tsakar rana. Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa: babban tiyo guda, siraran tiyo masu faɗin milimita 16 da aka huda a tazarar santimita 30, matacin ruwa, da ƙaramin famfo na kowane layi. Ba a buƙatar inji, domin duro ake ɗorawa a kan dakali, nauyin ruwan ya tura kansa.

Takardar kayan ta ce kowace huda tana ɗigar da lita 2 a awa ɗaya, kuma a nan ne mai saye zai iya ruɗuwa. Irin wannan adadin yawanci ana auna shi ne da ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tsayin kimanin mita 10, ni kuwa durona mita ɗaya da rabi yake daga ƙasa. Da na tara kofi a ƙarƙashin hudojin, abin da ya taru bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Daga ranar na koma lissafi da kofi.

Da yake kowane layi yana da famfonsa, sai na raba gonar gida uku domin in ga yadda yawan ruwa yake shafar amfanin. Kashin da na taƙaita wa ruwa ya tsaya gajere, ganyensa ƙanana, furanninsa da dama suka zube kafin su ɗaura 'ya'ya, waɗanda suka ɗaura kuma suka yi saurin ƙosawa. Kashin da na cika wa ruwa ya fi kowanne kyan gani da farko, ya yi tsawo ya yi duhu, amma daga baya ganyen ƙasa ya soma yin rawaya, wanda na danganta da wankewar taki da ƙarancin iska a saiwa, kuma bai ba ni abin da ya fi na matsakaicin ba. Matsakaicin, wanda nake bari ƙasarsa ta riƙe danshi ba tare da ta yi caɓi ba, shi ne ya daɗe yana bayarwa, ina tsinka duk bayan kwana 2 ko 3.

Ko matsakaicin ma ba ma'auni ɗaya ba ne har ƙarshe. Kuɓewa tana da doguwar saiwa, tana jure ɗan ƙishirwa tana ƙarama, amma da zarar ta fara fure, wajen mako na 6 ko na 7, buƙatarta takan ƙaru sosai, kuma ƙishirwar wannan lokacin ita ce mai rage yabanya. Ƙasa mai yashi kuma tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, saɓanin mai yumɓu wadda ruwa ke bazuwa a cikinta. Abin takaici, takardar ba ta ce komai a kan wannan ba.

Matacin ya yi ƙanƙanta, sai an wanke shi kusan kullum idan ruwan yana da laka, duron kuma dole a rufe shi don kada gansakuka ta toshe hudojin. Ɓeraye sun ɓula mini tiyo a wurare biyu, amma ɗaurin bai yi wuya ba.

Duk da haka zan sake sayensu, domin ciyawa ta ragu, ganye ba ya jiƙewa, ruwan da nake ɗebowa ya ragu ƙwarai. Sai dai wannan karon zan haɗa da babban mataci, in kuma ƙara wa dakalin tsawo.